Kafin mu biya dala mu je mu taɓa 'ya'yan wasu

Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya sayi ta dare.

Tun ranar Talata guruf ɗin ajinmu ya ƙi yin shiru. Wani ne ya turo talla: wai akwai kamfanin da ke kai ɗaliban lafiya aikin sa-kai ƙasar waje, sati biyu zuwa huɗu, a cibiyar kula da jarirai da ƙananan yara masu larurar gaɓoɓi. A hoton, wata baturiya ce ta rungume wani yaro tana dariya, shi kuwa yaron wani wuri daban yake kallo. A ƙasa an rubuta cewa ba sai ka iya komai ba, ɗan aji ɗaya ma zai iya zuwa. Za a ba ka masauki da abinci da satifiket, ranar Asabar a kai ka kallon namun daji. Kuɗin jirgi da na biza naka ne, bayan haka kuma ka biya su da dala. Na buga lissafin a waya, na kife ta.

Kafin azahar mutum uku sun ce suna ciki. Da la'asar wata ƙawata, wadda nake ji da ita har cikin raina, ta kira ni tana tambaya ko ta sayar da ɗankunnen gwal da kakarta ta bar mata. Na ce ta ba ni kwana biyu. To ga amsar, kuma na ga gara in ba da ita a fili tunda ba ita kaɗai abin ya shiga wa rai ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, fisiyo nake karantawa a Kano, aji huɗu, wato abin da a gida ake ce wa gashi. Yanzu ina hutu a gidanmu, Maitumbi, nan Minna. Kuma da abin kunyata zan fara.

A bayan gidanmu akwai wani yaro, shekararsa uku. Iyayensa daga wajen Kuta suka taso lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa yankin Shiroro. An haife shi a gida bayan naƙudar kwana biyu, ya faɗo bai yi kuka ba sai da aka daɗe ana jijjiga shi. Wata huɗu, wuya bai tsaya ba. Wata tara, ba zama. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka kai shi wajen mai ɗori. Wata tsohuwa ta ja uwar gefe ta ce ai wannan ɗan ruwa ne, a kai shi bakin rafi ya koma wajen danginsa. Uwar ta ƙi, Allah ya saka mata. Abin da ke damunsa shi ne wanda a aji muke kira CP: ƙwaƙwalwa ta samu rauni lokacin haihuwa saboda ƙarancin iska, sai saƙon da take aika wa gaɓoɓi ya riƙa zuwa a hargitse.

Ina aji biyu na dawo hutu, kaina ya cika da sunayen jijiyoyi, unguwa kuma ta riga ta raɗa mini Likita. Uwar ta shigo gidanmu da shi a goye ta ce, "Likita, don Allah ki duba mini ƙanin nan naki." Ni kuwa da ban taɓa riƙe majinyaci ba, sai kunyar in ce ban iya ba ta kama ni. Na shimfiɗa shi a tabarma, na kama ƙafarsa da ta sandare na miƙar da ita da ƙarfi, kamar yadda na ga wani yana yi a YouTube. Ƙafar ta ƙara ƙagewa. Na ƙara ƙarfi. Ihun da yaron nan ya yi har yau yana kunnena. Sauran hutun nan ko muryata ya ji sai ya fara kuka.

Da na koma makaranta na ba wata malamarmu labari, ina jiran ta ce ba komai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah ne ya rufa miki asiri." Ta yi mini bayanin abin da sai a aji uku muka zo kansa. Tsokar da ta sandare irin haka, in ka fizge ta da sauri, ƙara ƙanƙamewa take yi. Yaron da bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba ƙashinsa ba shi da ƙwari, ja ɗaya na ganganci yana iya karya masa cinya. Wasunsu kuma ƙugun ya riga ya fara zamewa daga gurbinsa ba wanda ya sani sai an yi hoto.

Ku duba fa. Yaren uwar nake ji, gidansu na sani, abin da suke ci na sani, kuma da niyyar alheri na zo. Duk da haka saura ƙiris in ƙara masa wata larurar a kan wadda yake da ita. To ina ga ɗalibin da aka sauke daga jirgi jiya, a garin da ko "ina ke yi maka ciwo" bai iya faɗa da yarensu ba, aka miƙa masa jariri?

Kalmar gashi ma tana yaudarar mu. Mutum yana ji sai ya ɗauka wata na'ura ce ake ɗora wa yaro ta ɗumama shi, ko tausa ce da kowa zai iya. A wajen ƙananan yara mafi yawan aikin koyarwa ne, kuma uwa ake koya wa. Bayan abin da ya faru na lallaɓi maman yaron ta kai shi sashen gashi na babban asibiti a cikin gari. Likitan fisiyo na ganinsa kamar minti 40 a zuwa ɗaya. Sati kuwa awa 168 ne. Sauran duk a hannun uwa yake: yadda za ta kwantar da shi, yadda za ta ɗauke shi ba tare da ya gantsare ba, yadda za ta goya shi ƙafafu a buɗe don kada su riƙa harɗewa kamar almakashi, yadda za ta kifa shi a kan cinyarta ta riƙa kaɗa masa wani abu mai ƙara don ya ɗaga kai. Babban abin da aka hana ta shi ne ɗura. Da, kwantar da shi take yi ta toshe hanci ta zuba koko, kamar yadda aka yi wa da yawanmu. Yaron da haɗiya ke yi wa wuya, kokon nan hanyar iska yake bi ya sauka a huhu, daga nan sai tari da zazzaɓi da nimoniya. Aka koya mata ta zaunar da shi, haɓa ta ɗan sunkuyo, abinci mai kauri, cokali ɗaya ɗaya. Cin abinci ya koma kusan awa guda. Ta jure.

Yau shekara biyu ke nan. Yana riƙe wuyansa. Yana zama a wata kujerar katako da kafinta ya haɗa bisa awon da asibiti suka bayar. A hutun nan na ga ya kai ƙosai bakinsa da hannunsa, uwar ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. Shekara biyu, ƙosai ɗaya. Haka agogon wannan aikin yake tafiya.

Ko larurar da ake warkewa sarai ma haka take. Jaririn da aka haifa da ƙafa a lanƙwashe ciki, in an bi hanyar Ponseti, kowane sati ake sauya masa filasta, sau biyar ko shida, yawanci a ɗan tsaga jijiyar dunduniya, sannan ya sa takalmi mai sanda a tsakani awa 23 a rana har wata uku, daga nan kullum da dare har ya kai wajen shekara huɗu. Inda ake faɗuwa shi ne wajen takalmin nan, lokacin da iyaye suka gaji, ko kaka ta ce ana azabtar mata da jika. Mai sati biyu filasta biyu zai gani ya hau jirgi.

Ga kuma ƙyuya. Duk wadda ta yi rainon ƙanne ta san yaron wata takwas ba ya yarda da baƙuwar fuska. Kafin ya daina kuka in ka ɗauke shi sati ya wuce. Ranar da ya fara sakin jiki da kai, kana haɗa jaka. Litinin mai zuwa wata sabuwar fuskar ce, ita ma da wayarta a hannu. Ku ɗauki wannan ku ninka shi shekara guda a rayuwar yaro ɗaya.

Akwai tambayar da na yi a guruf ba wanda ya amsa. A Najeriya, hukumar MRTB da aka kafa da dokar 1988 ita ke ba da lasisin wannan aiki. Sai ka gama karatun shekara biyar ko shida, ka yi shekara guda ta horo a asibiti, kafin a sakar maka majinyaci kai kaɗai. Mu ɗalibai ko a asibitin koyarwa ba ma taɓa yaro sai malami na tsaye. A Ingila ma ba ka isa ka kira kanka likitan fisiyo ba sai hukumarsu ta yi maka rajista, kuma kafin ka kusanci yara sai an binciki tarihinka. To me ya sa kamfanonin nan ba sa tallar sati biyu a asibitin yara na Landan? Me ya sa kullum ƙasar talakawa ce? Domin a can ne uwa ba za ta tambaye ka takarda ba. Ta ga farar riga, ta ga baƙo, ta miƙa ɗanta. Kuma mu juya abin: a ce gobe an kawo ɗan aji ɗaya daga wata ƙasa, bai iya Hausa ba, bai iya Gwari ba, bai iya Nufanci ba, an ce ya gwada hannunsa a kan ɗan yayarki na sati biyu saboda yana son ya ƙawata takardunsa. Za ki ba shi?

Wanda yake ganin na cika tsoro ya nemi labarin Renee Bach. Ba'amurkiya ce, ta fara zuwa Yuganda aikin sa-kai tana 'yar shekara 18, ba ta da karatun likita ko na jinya. Ta kafa cibiya a Jinja tana karɓar yara masu tamowa. Tsakanin 2010 da 2015 cibiyar ta karɓi yara 940, 105 suka rasu. Hukuma ta rufe wurin a 2015, iyaye mata biyu suka kai ƙara a 2019, aka sasanta a 2020 da biyan kowaccensu kimanin dala 9,500 ba tare da ta amsa laifi ba. Adalci shi ne a faɗa cewa yaran da yawa sun zo mata a galabaice, kuma ita ta musanta cewa ta taɓa kiran kanta likita. Amma ni abin da ya tsaya mini a labarin shi ne farkonsa. Yarinya ce mai tausayi, mutane suka ɗauka ta iya, ita ma ta fara ɗauka ta iya. Na san wannan jin. A kan tabarmar gidanmu na ji shi.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara faɗa mini ta inbos. Wai baƙin ciki nake yi. Wai turawa suna yi suna samun gurbin karatu da shi, mu in za mu yi sai a kawo wa'azi. Wai mu 'yan arewa kullum mu ake bari a baya. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kuma yana yi mini ciwo. Abokan karatunmu na kudu tun aji biyu suna da fasfo, suna cike kowane fom da ya gifta, mu muna jiran sai wani kawu ya kira. Ni ma ina son in fita. Ina son in ga yadda ake aiki a wurin da wuta ba ta ɗaukewa, ina son digiri na biyu a waje, kuma ba na jin kunyar faɗa. Son fita ba laifi ba ne. Abin da na ƙi shi ne a sa jaririn wata baiwar Allah ya zama tsanin da za a taka. In yawon buɗe ido ne, a kira shi da sunansa, a je a kalli raƙumin dawa a dawo lafiya. In ziyarar karatu ce, tana da hanyarta: makarantarka ta rubuta wa asibitin can, a haɗa ka da mai lasisi, ka tsaya a bayansa ka kalla, ka taɓa abin da ya ce ka taɓa. Duk shirin da ya kasa gaya maka sunan likitan da zai tsaya a kanka da lambar lasisinsa, ya kasa gaya maka ko iyayen yaran sun san kai ɗalibi ne, ya kasa gaya maka nawa ne cikin dalarka ke isa cibiyar, to ka riƙe kuɗinka. Ban ma shiga zancen 'yan damfarar biza ba, waɗanda za ka tura musu kuɗin fom su toshe lambarka.

Kuma kada a ce na ce baƙo ba ya amfani. Sana'ar tamu ma baƙi ne suka kawo ta. A 1945 wasu turawan Ingila biyu, Manfield da Williams, suka fara aikin fisiyo a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas. Abin da ya sa ake tuna su shi ne sun zauna sun horar da 'yan ƙasa, har aka kai ga Jami'ar Ibadan ta fara digirin a 1966. A Sakkwato, asibitin cutar noma, wadda ke cin fuskar yara, ƙungiyar MSF na tallafa masa tun 2014. Likitocin tiyata kan zo daga waje su yi 'yan makonni su koma, amma zuwan nasu yana da amfani ne saboda akwai ma'aikata 'yan gida da ke nan kullum, su ne ke ci gaba da motsa muƙamuƙin yaron wata da watanni don kada bakin ya sake ɗaurewa. Ƙwararru ne suka zo, suka tarar da ƙwararru.

Mu ma muna da namu shirin na tura 'yan sa-kai waje, da yawanmu ba mu ma san da shi ba. TAC ake ce masa. A 1987 aka kafa shi, zamanin Janar Babangida, mutumin da gidansa ke kan tudu a garin nan namu, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje. Najeriya na tura likitoci da ma'aikatan jinya da malamai zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, irin su Gambiya da Saliyo da Yuganda da Jamaika, na shekara biyu, kuma gwamnati ce ke biyansu alawus. Sharaɗin shi ne ka gama, ka yi aiki, ka iya. Kuma in fitar ce dai, Maraɗi ma ƙasar waje ce. A Yamai akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010, yana gyaran ƙafafu da ƙasusuwa. Ranar da muka riƙe lasisi, Hausar da muke rainawa ita ce za ta sa mu zauna da uwa a Nijar ko a zangon Kumasi mu fahimci juna ba tafinta. Wannan wata dama ce da baturiyar cikin hoton ba ta da ita.

Kafin wannan ranar fa? Hutu muke yi wata da watanni, in an shiga yajin aiki ma ba a magana. Ba cewa nake mu buɗe asibiti a zaure ba, kuskurena ke nan na farko. Amma akwai abin da ɗalibi zai iya ba tare da ya ja ƙafar kowa ba. Ido ne da baki. Yawancin yara suna zama tsakanin wata 4 da 9, suna tafiya tsakanin wata 8 da 18. In ka ga ɗan wata biyar wuya na lilo, ko ɗan wata goma ba zama, ko jariri hannu ɗaya a sake tun haihuwa, ko yaron da ƙafarsa ta fara ja bayan an yi masa allura a ɗuwawu, ka ce a je asibiti yau, kada a jira a gama na gargajiya tukuna. Ƙwaƙwalwar jariri tana saurin koyon sabuwar hanya, kowane wata da aka ɓata asara ce. In an yi haihuwa a gidanku ku duba idon jaririn da dasashinsa a satin farko. Shawara in ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke jawo CP a ƙasar nan, alhali fitila ce ta musamman ake sa jariri a ƙarƙashinta a asibiti. Ruwan gulukos ba ya maganinta. A kuma cire kafur daga kayan jarirai, don akwai yaran da yake fasa wa jini ya tayar musu da shawarar.

Sai abin da ya fi duka sauƙi, ya kuma fi duka nauyi. Sau uku maman yaron nan tana daina zuwa asibiti. Na ɗauka gajiya ce ko rashin yarda. Da na zauna da ita ta ce, "Likita, kuɗin keke ne." Daga Maitumbi zuwa Mobil, daga Mobil zuwa asibiti, sannan dawowa, ga yaro ya yi nauyin goyo, ga kallon da mutane ke yi mata a cikin keke, ga ranar da ta tafi ba ta soya awarar sayarwa ba. Kuɗin tikitin jirgin mutum ɗaya cikinmu zai kai yaran layinmu asibiti shekara da shekaru. Ba gori nake yi ba, ni ma sai da na buga lissafin nan ranar Talata na gane.

Ƙawata, ɗankunnen naki ne, kuma ko me kika yanke ina nan. Amma in kin tambaye ni, ki bar shi a kunnenki, ki yi fasfo da kuɗin alawus, mu gama, mu karɓi lasisi, mu nemi TAC tare.

Gobe Alhamis ranar asibitinsa ce, ni zan raka su. Likitansa ya ce lokaci ya yi da za a fara tsayar da shi, ana bukatar abin tsayuwa na katako mai maɗauri a gwiwa da ƙirji, kuma ya zana mana awon a takarda. Kafintan da ya yi kujerar ya bar unguwa. In akwai ɗan injiniya na FUT, Bosso ko Gidan Kwano, da hutu ya tarar da shi a gari kuma hannunsa ya iya katako ko walda, ya yi mini magana. Katakon ni zan saya.